Shirin tafiya aikin agaji na sa-kai a gabashin Chadi

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hemeti, mutane fiye da dubu 700 suka tsallaka iyaka zuwa gabashin Chadi. A can suka tarar da wasu kimanin dubu 400 da ke zaune a sansanoni irin su Farshana da Birejin tun rikicin Darfur na 2003. Kusan tara cikin goma na sababbin zuwa mata ne da yara. Ni ma'aikacin jinya ne, na yi aiki a yankin ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji, kuma tun dawowata abokan aiki da ƙannen da muka horar ba su da tambayar da ta wuce yadda ake yi a je. Ga abin da nake gaya musu idan mun samu zama.

Fara da tambayar kanka abin da za ka je yi. An ce zuwa da kai ya fi saƙo, amma a wannan harka ba kullum ba. Cikin waɗanda suka gudo daga Junaina, babban birnin jihar Darfur ta Yamma a Sudan, akwai likitoci, da ungozomai, da malaman makaranta, da lauyoyi, ga matasa majiya ƙarfi da ke neman aikin da zai ba su na cefane. Idan abin da za ka iya shi ne ɗaukar buhu ko jera mutane a layi, akwai dubun da suka fi ka iyawa, kuma sun fi ka buƙatar ladan aikin. Kuɗin jirginka kaɗai, in ka miƙa shi ga ƙungiyar da ke can, zai fi zuwanka amfani. Waɗanda ake nema su ne masu sana'a a hannu: ungozoma, mai jinyar yara masu tamowa, mai harhaɗa magani, injiniyan ruwa, mai iya riƙe sito da lissafin kaya, mai sarrafa motoci da mai. Idan kana cikinsu, bismilla.

Kada ka tafi da ƙafarka kai kaɗai. Sansanonin suna ƙarƙashin hukumar gwamnatin Chadi mai kula da 'yan gudun hijira, wadda ake kira CNARR, tare da hukumar UNHCR ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ba a barin kowa ya shiga ya buɗe akwatin magani don kawai zuciyarsa ta yi kyau. Ƙofofin shiga sanannu ne: shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNV, inda ake yin rajista ta intanet, ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda galibi take neman wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki bayan kammala karatu, ƙungiyar Red Cross ta ƙasarka, da sauran ƙungiyoyin da ke da rajista a Njamena. Duk wanda ya turo maka saƙon WhatsApp cewa ka biya kuɗin fom ko kuɗin horo kafin a ɗauke ka, ɗan damfara ne. Waɗannan hukumomi ba sa karɓar ko sisi daga mai neman aiki.

Idan ƙungiya ta amsa maka, kafin ka yi murna ka nemi amsar wasu tambayoyi a rubuce. Wane gari za a kai ka, kuma wa zai zama shugabanka? A ina za ka kwana? Wa ke biyan jirgi, abinci da kuɗin kashewa? Uwa-uba, idan ka kwanta rashin lafiya ko aka yi hatsari, wa zai ɗauke ka zuwa Njamena ko wajen ƙasar, kuma inshorar wa za ta biya? Ƙungiyar da ta fara kame-kame a kan wannan tambaya ta ƙarshe, ka yi mata godiya ka haƙura.

Takardu da allurai

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a nan ne maganar ta fi ƙarfi, domin wasu abubuwan suna cin watanni. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Chadi ba ta cikin ECOWAS, don haka kada ka ɗauka yadda kake shiga Kwatano haka za ka shiga Njamena. Ka tambayi ofishin jakadancinsu sharuɗɗan shiga na mai zuwa aiki, ka riƙe wasiƙar gayyata daga ƙungiyarka. Bayan saukarka ana buƙatar baƙo ya yi rajista da 'yan sanda cikin kwana uku, kuma fita daga babban birni zuwa gabas na buƙatar takardar izinin zirga-zirga. Ƙungiya ce ke nema maka, amma hotunan fasfo daga aljihunka za su fito, don haka ka wanke da yawa tun daga gida. Ma'aikacin lafiya ya tafi da lasisinsa mai rai da takardun makaranta, a kuma fassara su zuwa Faransanci. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ka bar kwafi ɗaya a gida wurin wanda ba ya ɓatar da abu.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, dole ne. A Najeriya ofishin kiwon lafiya na filayen jiragen sama da iyakoki ke bayarwa. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Na san akwai masu sayen katin ba tare da an tsira musu allura ba. Sauro dai ba ya duba kati.

Sai allurar sanƙarau, domin Chadi na tsakiyar yankin da cutar ke tashi lokacin zafi, kamar dai Arewa da Nijar. Sai ta ciwon hanta nau'in B ga duk mai taɓa jini: allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, shi ya sa na ce a fara da wuri. Ka duba ko an yi maka ta ƙyanda da ta tetanus, ka tambayi likita game da ta taifod da ta cizon mahaukacin kare.

Akwai cututtukan da ruwa ke kawowa, waɗanda kariyarsu tana hannunka. A farkon 2024 ciwon hanta nau'in E ya bazu a Adre, garin da ke kan iyakar Chadi da Sudan, da sansanonin da ke kewaye, kuma mata masu ciki ya fi yi wa illa. A damunar 2025 kwalara ta ɓulla a sansanin Dugi. 'Yar'uwa mai juna biyu, ko mai tsammanin ta samu, shawarata ki ɗage tafiyar. Mai sikila, mai ciwon suga da mai hawan jini su zauna da likitansu, su gaya wa ƙungiya gaskiya, su kuma tafi da maganin da zai wuce tsawon zamansu, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi irin su tiramadol kada su shiga jakarka, in ba haka ba za ka sha dogon bayani a filin jirgi.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa, mu da muka tashi da shi mukan raina shi. Mutum ya kwana uku yana aiki cikin rana bai ci kirki ba bai yi barci ba, zazzaɓin da a gida zai sha magani ya miƙe, a can sai ya kayar da shi. Ka tafi da gidan sauronka mai magani, da man shafawa na korar sauro, da abin gwaji na gaggawa, da cikakken zubi na maganin zazzaɓi. Batun shan ƙwayar kariya kullum, likita ne zai yanke maka.

Gida

Wannan ɓangare ba ya cikin takardar da ƙungiya za ta turo maka, amma shi ya fi dawo da mutane kafin wa'adinsu. Ka nemi yardar iyaye. Ka zauna da matarka, ko ki zauna da mijinki, a yi lissafin cefane, kuɗin makaranta, kuɗin haya da na asibiti na tsawon watannin, a san wanda za a kira idan yaro ya kwana da zazzaɓi. Hutun da wurin aikinka ya ba ka ya kasance a rubuce da sa hannu, kada ka dogara da "je ka, ba komai" na oga. Ka rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi, ka rubuta wasiyya. Mutanenmu ba sa son jin wannan, alhali addini ma ya yi umarni da ita ko ba tafiya. Ka kuma gaya wa iyali tun yanzu cewa za a yi kwanaki ba su ji muryarka ba, domin sabis yana ɗaukewa, don kada hankalin Hajiya ya tashi a kwana na biyu.

Hanya, yanayi da jaka

Ta ƙasa ana iya bi daga Maiduguri zuwa Gamborun Ngala, a shiga Kamaru ta Fotokol, a kai Kusiri, a haye gada zuwa Njamena. 'Yan kasuwa na bi, amma hanyar ta ratsa yankin da ke fama da Boko Haram, kuma ƙungiya mai hankali ba za ta bar ma'aikacinta ya bi ta ba. Jirgi za ka hau, sau da yawa ta Lome ko Adis Ababa, ka yi zagaye mai nisa don zuwa ƙasar da ke maƙwabtaka da Borno. Daga Njamena zuwa Abeshe, babban birnin Wadai, ya haura kilomita 700, kuma ma'aikatan agaji galibi suna bin ƙananan jiragen UNHAS da Hukumar Abinci ta Duniya ke gudanarwa. Suna da tsauri a kan nauyin kaya, saboda haka ka tambayi adadin kilo kafin ka ɗaure jaka. Daga Abeshe zuwa Adre kusan kilomita 170 ne, daga Adre zuwa Junaina ta Sudan kuwa bai fi 30 da 'yan kai ba. Akwai wani kwas na tsaro da ake yi kyauta ta intanet, sunansa BSAFE. Ka yi shi tun a gida inda intanet ke da ƙarfi, ka buga takardar shaidar.

Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, ƙoramun da suke kira wadi sukan cika cikin sa'a guda su raba sansani da gari, mota ta kwana a bakin ruwa tana jira. Disamba da Janairu kuma sanyin dare na ratsa tanti, ka sa rigar sanyi da bargo mara nauyi. Agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar.

A jaka: tufafin auduga masu sauƙin wanki, rufaffen takalmi mai ƙwari da silifa, hula ko rawani saboda rana da ƙura, tocila ta goshi don hannuwanka su samu sakewa a ɗakin haihuwa idan janareta ya mutu, fawa bank babba, ƙwayoyin tsarkake ruwa, gorar ruwa, ƙullin gishiri da sukari na gudawa, sabulu, da abin sallah. Soket ɗinsu irin na Faransa ne mai ƙafa biyu zagayayyu, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga, ka sayi adafta. Mata su tafi da audugar da za ta ishe su. Ni nakan ƙara yaji, kilishi da garin kunu. Abincinsu ba baƙo ba ne gare mu, tuwon gero ne da miyar busasshiyar kuɓewa, ga shayi ga zoɓo, amma ranar da gajiya ta hana ka cin komai, kunu zai tashe ka.

Kuɗinsu sefa ce ta Afirka ta Tsakiya. Darajarta ɗaya da sefar Nijar, amma takardun daban ne, mai shago a Abeshe ba lallai ya karɓi ta Yamai ba. Yuro ya fi sauƙin canji domin farashinsa a tsaye yake, kusan sefa 656. Ka canza a Njamena, ka nemi ƙananan takardu, kada ka dogara da na'urar cirar kuɗi a gabas. A kasuwa da riyal suke ƙirga, riyal ɗaya sefa biyar, daidai da yadda mutanen Nijar ke ƙirga da dala. Idan mai tumatir ta ce miya, wato ɗari, sefa 500 take nufi. Layin waya kuma Airtel ne ko Moov, ka tambayi waɗanda ke wurin wanne ya fi kamawa a garin da za ka.

Abin da ba za ka ɗauka ba shi ne kayan da 'yan unguwa za su tara maka. Da an ji za ka tafi, za a kawo ragowar magunguna, gwanjo da gwangwanayen madarar jarirai. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin da za a bayar kyauta ya zama wanda aka nema, kuma da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace. Madarar gwangwani kuwa, a wurin da ruwa ba shi da tsabta, gudawa take jawo wa jariri, ta kuma sa uwa ta daina shayarwa. Ka ce musu su ba da kuɗi ta hannun ƙungiya, a karɓi rasit.

Harshe da zama da mutane

A nan ne mu 'yan Afirka ta Yamma muka fi samun matsala, domin muna zuwa da tunanin cewa mun san talauci, mun san zafi, mun ga sansanonin Maiduguri, addinin ma ɗaya ne, to me ya rage? Da yawa. Taron ma'aikata da rahoto da Faransanci ake yi. Marasa lafiya kuma Larabcin Chadi da Sudan suke yi, da yawansu ma Masalit ne harshensu na gida, 'yan gari kuma akwai masu Maba. Larabcin Islamiyya zai taimaka maka da gaisuwa da ƙirga, amma ba zai gaya maka inda ke yi wa tsohuwa ciwo ba. Ka ba Faransanci wata uku kafin tafiya, ko da rabin sa'a ne kullum, ka kuma haddace kalmomin aiki na Larabcinsu: almi ruwa, wirde zazzaɓi, waja ciwo, dawa magani. Za a haɗa ka da tafinta, galibi ɗan gudun hijira ne. Ka riƙa kallon mara lafiya lokacin da kake magana, ka yi gajerun jimloli, ka kuma tuna cewa labarin da yake fassara maka wataƙila irinsa ya faru a gidansu.

Za ka ji Hausa a kasuwar Njamena da ta Abeshe. Tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa ta nan ta bi, kuma da yawa daga cikin masu niyyar Makka sun yada zango a Chadi da Sudan ba su ƙarasa ba, ba su kuma koma ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903 ma jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun bi ta gabas, har ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Jikokin waɗannan mutane za su karɓe ka hannu bibbiyu, su nuna maka inda ake canji da inda ake gasa nama mai kyau. Ka ji daɗinsu, amma kada zumunci ya sa ka sa wani gaba a layin asibiti.

Kada ka tambayi kowa ƙabilarsa, kada ka shiga hirar wa ke da gaskiya tsakanin Burhan da Hemeti, ko a wurin shayi, ko a Facebook. Abin da aka yi a Junaina a 2023 kisa ne na ƙabilanci, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta mutum dubu 10 zuwa dubu 15 aka kashe a garin kaɗai, har da gwamnan jihar, Khamis Abakar, a watan Yuni. Mata da yawa an yi musu fyaɗe a hanya. Idan mace ba ta fara ba ka labari ba, kada ka tono. Idan ta fara, ka saurara, ka san tun ranar farko ofishin da ake tura irin wannan, domin maganin kariya daga cutar HIV cikin sa'o'i 72 yake aiki.

Hoto: hukuma na buƙatar izini, kuma ɗaukar sojoji, gada ko filin jirgi na iya kai ka ofishin 'yan sanda. Ko da izini, yaron da ƙasusuwansa suka fito ba abin ɗorawa a shafinka ba ne don a yi maka addu'a a ƙasa. Sadaka ta hannu ma ka kiyaye. Ka miƙa wa mutum ɗaya kuɗi a tsakiyar sansani, kafin ka juya mutum hamsin sun kewaye ka, gobe kuma abokin aikinka ne zai amsa tambayar me ya sa aka ba wancan aka hana wannan.

Sai maganar da 'yan'uwana maza ba sa so a yi. Za a sa ka sa hannu a takardar ƙa'idar aiki wadda ta haramta duk wata alaƙa ta namiji da mace tsakaninka da waɗanda kake yi wa hidima. Wani zai ce ai shi aure yake nufi, taimakon bazawara da marayu ne. Matar da abincin 'ya'yanta da katin asibitinta ke hannun ƙungiyarka ba ta da bakin da za ta ce maka a'a, don haka amincewarta ba amincewa ba ce. Ana korar mutum a kan wannan, kuma daidai ne.

Ka karanta ma'aunan aikin kafin ka isa, don kada a tsaya koya maka abin da ke rubuce. A ƙa'idar Sphere, wato kundin ma'aunan da ƙungiyoyin agaji ke bi, mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 15 na ruwa a rana, masai ɗaya kuma na mutum 20 ne, ko da yake za ka tarar da wuraren da ba a kai ko kusa ba. Ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, tef ɗin awon damtse idan ya nuna ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5 matsakaiciya. Ƙunshin gyaɗar nan na Plumpy'Nut kalori 500 ne, kuma magani ne, ba abin rabawa 'yan rakiya ba. Tsarin ba da magani na ma'aikatar lafiyar Chadi shi za ka bi, ko da ya saɓa da yadda kuke yi a asibitinku. Ma'aikacin jinya ɗan ƙasar da ka tarar ya riga ka zuwa, kuma yana nan bayan ka tafi. Makon farko ka bi bayansa ka ga yadda yake yi. 'Yan garin Adre da ƙauyukan kewaye su ma talakawa ne, rijiyoyinsu da itacen girkinsu da gonakinsu aka raba da baƙin da suka ninka su yawa, saboda haka idan ɗan gari ya kawo ɗansa, a duba shi kamar kowa.

Tun makon da ka isa ka buɗe littafin miƙa aiki: marasa lafiyar da ake bibiya, abin da ya kusa ƙarewa a sito, lambar mai gyaran janareta, alkawarin da ka ɗauka wa wani. Wanda zai gaje ka wataƙila ba za ku haɗu ba, jirgin da ya kawo shi ne zai ɗauke ka. Bayan ka dawo gida, ka ba kanka mako ɗaya ko biyu kafin ka koma bakin aiki. Idan barci ya ƙi, ko ka ga kana faɗa da iyali a kan ruwan da aka zubar ko abincin da aka bari, ka nemi mai ba da shawara na ƙungiyar, yawancinsu suna da shi kuma kyauta ne. Duk zazzaɓi ko rawayar ido da ya biyo baya cikin wata biyu, ka je asibiti a ranar, ka gaya wa likita daga inda ka dawo.